Begen Akwatunan Wasa na Da: Yadda Ƙarancin Kayan Aiki Ya Haifi Hotunan da Aka Kasa Mantawa

A shekarar 1972, mai kula da wata mashaya da ake kira Andy Capp's Tavern a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya, a ƙasar Amurka, ya buga waya zuwa wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Atari, ya ce a zo a duba akwatin wasan da aka ajiye masa domin gwaji, ga shi ya daina aiki. Injiniyan da ya harhaɗa akwatin, wato Allan Alcorn, saurayi ɗan shekara 24, ya garzaya. Da ya buɗe, sai ya tarar lafiyar na'ura lau. Kuɗin da mutane suka riƙa jefawa ne suka cika ma'ajinsu har suka toshe ƙofa. Wasan da ya jawo wannan rububi, mai suna Pong, abin da ke cikinsa bai wuce 'yan fararen sanduna biyu da ɗigo ɗaya mai kai da komowa a tsakaninsu ba, sai layi a tsakiya da lambobin ƙirga ci.

Daga nan aka shiga wani zamani na kimanin shekara ashirin da biyar, wanda a cikinsa duk mai son ganin ƙarshen abin da kwamfuta ke iya zanawa sai ya tafi zauren wasa, inda ake jera akwatuna masu tsayin mutum, ya jefa tsabar kuɗi, santi 25 a Amurka ko yen 100 a Japan, ya kama linzami. Yaran wancan lokaci yanzu sun yi furfura, amma da yawansu suna kashe maƙudan kuɗi wajen neman tsofaffin akwatunan nan da gyara su, alhali kuwa wayar da ke aljihunsu ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sai dai idan mai karatu ya biyo mu, zai ga cewa akwai ilmi a cikin wannan bege, domin kusan kowane ɗigo na hotunan nan amsa ce ga wata matsalar lissafi, kuma wani sashe na kyansu yana gab da ɓacewa daga duniya.

Kwalbar talabijin da manjagarar haske

Kafin a gane hotunan, tilas a gane allon da aka zana su a kai. Duk akwatunan nan suna amfani ne da irin kwalbar tsohon talabijin mai doro, wanda har yanzu akan gan shi jibge a shagon mai gyara. A can ƙarshen doron akwai wata 'yar bindiga mai feso ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektaron. Fuskar kwalbar kuwa an shafe ta daga ciki da sinadarin fosfo, wanda kan yi haske idan ƙwayoyin suka buge shi, sa'an nan ya dushe nan da nan. Maganaɗisun da ke kewaye da wuyan kwalbar shi ke karkata tsirkiyar zuwa inda ake so.

A talabijin na yau da kullum, tsirkiyar takan fara ne daga kusurwar sama ta hagu, ta ja layi zuwa dama, ta komo, ta sauko kaɗan, ta sake jan wani, kamar yadda manomi ke bin kunya bayan kunya har ya kai ƙarshen gona. Turawa na kiran wannan salo rasta, kalmar da asalinta a harshen Latin ke nufin manjagara. Tsirkiyar takan gama gonar nan sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya a tsarin Amurka da Japan, ko sau 50 a tsarin da Turai da Nijeriya suka bi. Ashe ke nan, a kowane lokaci wuri kaɗan ne kawai ke da haske a fuskar kwalbar. Ido da ƙwaƙwalwar mai kallo su ke haɗa cikakken hoto.

Abin mamaki game da Pong shi ne, babu ƙwaƙwalwar kwamfuta a cikinsa, babu manhaja, babu kuma wurin da aka ajiye hoton. Alcorn ya sayo talabijin mai baƙi da fari na Hitachi daga kanti, ya haɗa shi da allon da ke ɗauke da gomman ƙananan ƙwayoyin lantarki waɗanda aikinsu ƙirga lokaci ne. Suna ƙirga layin da tsirkiya take kai da kuma nisan da ta yi a kan layin, in ta iso daidai wurin da ya kamata ƙwallo ta kasance, sai su kunna ta na ɗan ƙiftawa. Shi ya sa ƙwallon Pong murabba'i ce: kunnawa da kashewa a wuri ɗaya a kan 'yan layuka ya fi sauƙi a kan zana da'ira. Ya kuma raba kowace sanda kashi takwas, ta yadda ƙwallon da ta bugi tsakiya za ta koma a miƙe, wadda ta bugi gefe kuma ta karkace. Wannan 'yar dabara ce ta sa ake iya ƙwarewa a wasan.

Lissafin ɗigo: misalin Space Invaders

Da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta shigo, wato daga wasan Gun Fight na kamfanin Midway a 1975, sai aka sami damar ajiye hoton allo gaba ɗaya a ma'adanar na'ura. Amma ma'adana a wancan lokaci tana da ɗan karen tsada, kuma a nan ne lissafi ya fara matsa wa masu zane.

Mu ɗauki Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira wa kamfanin Taito na Japan a 1978. Allonsa yana da ɗigo 256 a tsawo da 224 a faɗi. In aka ninka, ɗigo 57,344 ke nan. Idan kowane ɗigo fari ne ko baƙi, bit ɗaya ya ishe shi, wato 1 ko 0. Bit takwas su ne bayit ɗaya, saboda haka hoton yana cin bayit 7,168. Da an so launi, ko da kala huɗu ne rak, da kuɗin ma'adana ya ninka biyu. Me aka yi? Sai aka liƙa ledoji masu launi a kan gilashin: kore a ƙasa inda igwar ɗan wasa take, ja a sama inda jirgin abokan gaba ke giftawa. Duk farin ɗigon da ya shiga ƙarƙashin leda sai ya ɗauki launinta. A wasu akwatunan ma an kwantar da kwalbar ne a ciki, madubi yana hasko hoton a kan zanen wata da sararin samaniya, har a ga kamar halittun suna lilo ne a iska.

Maharan guda 55 ne, sahu 5 kowanne da 11, an kuwa siffanta su da halittun teku, irin su ƙaguwa da dorinar ruwa mai hannu takwas. Ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da su, Intel 8080, bugunta bai wuce kimanin miliyan 2 a daƙiƙa ba, ba za ta iya goge maharan duka ta sake zana su a cikin kashi ɗaya bisa sittin na daƙiƙa ba. Don haka aka tsara ta riƙa gusar da mahari ɗaya a kowane zagayen tsirkiya. Idan su 55 ne, sai an yi kusan daƙiƙa guda kafin rundunar ta yi taki ɗaya. Idan ɗan wasa ya kashe rabi, sauri ya ninka. Idan saura ɗaya, shi kaɗai ake gusarwa sau 60 a daƙiƙa, sai ka gan shi yana tsere kamar an koro shi. Nishikado ya lura da wannan, ya bar shi yadda yake, aka kuma haɗa shi da amo huɗu masu kama da bugun zuciya waɗanda su ma suke ƙara sauri. Fargabar da miliyoyin mutane ke tunawa daga wannan wasa ta samo asali ne daga raunin na'ura.

Tayil da masu yawo

Kamfanin Namco ya zo da wata mafita a wasan Galaxian na 1979, ya kuma maimaita ta a Pac-Man na 1980, wanda Toru Iwatani ya tsara. Maimakon a ajiye kowane ɗigo, sai aka raba allo zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo 8 sau 8, kamar tayil ɗin daɓen ɗaki. An riga an zana nau'o'in tayil ɗin an adana su a wata ƙwaya da ba ta gogewa: wannan kusurwar bango ce, wancan miƙaƙƙen bango, wancan harafi, wancan ƙwayar abinci. Abin da ya rage wa ƙwaƙwalwa shi ne ta rubuta lambar tayil da lambar launinsa a kowane gurbi. Duk wanda ya taɓa lura da yadda mai ɗinkin hula ke maimaita 'yan zanuka kaɗan har ya cika jikin hula, ya riga ya fahimci wannan tsari.

A duba ribar. Allon Pac-Man ɗigo 224 ne sau 288, jimla 64,512. Amma a lissafin tayil gurbi 28 ne sau 36, wato 1,008 kacal. Bayit ɗaya na siffa, ɗaya na launi, abin bai wuce bayit dubu biyu da 'yan kai ba. An sami hoto mai launi da ƙasa da sulusin ma'adanar da Space Invaders ya ci a kan baƙi da fari.

Sai dai tayil ba ya motsi daga gurbinsa. Abubuwa masu tafiya an ba su tasu na'urar daban, wadda ke ɗora ƙananan hotuna masu ɗigo 16 sau 16 a bisa shimfiɗar tayil, a daidai lokacin da tsirkiya ke wucewa, ba tare da an taɓa abin da ke ƙarƙashi ba. Turawa na ce musu sifirayit, mu kuwa za mu kira su masu yawo. Ƙwaƙwalwa ba ta zana su. Lambobi biyu kawai take sauyawa, na tsaye da na kwance, hoto ya gusa sumul. Na'urar Pac-Man tana iya ɗaukar masu yawo takwas a lokaci guda, waɗanda suka ishi gwarzon wasan da fatalwowi huɗu da ɗan 'ya'yan itacen da kan ɓullo.

Fatalwowin nan ma darasi ne na tsimi. Kowace an ba ta 'yar ƙa'ida ɗaya. Ja tana nufar tayil ɗin da Pac-Man yake kai. Mai ruwan hoda tana nufar tayil huɗu a gabansa, ta zama kamar mai tarewa. Shuɗiya tana haɗa matsayin Pac-Man da na ja kafin ta zaɓi inda za ta dosa. Mai ruwan lemo takan bi shi in tana nesa, amma da zarar ta matso kusa da tayil takwas sai ta juya ta nufi kusurwarta. Yara sun riƙa rantsuwa cewa fatalwowin suna da hali da wayo, alhali layukan lissafi ne kaɗan.

Tsimin yana da iyaka. Lambar matakin wasa an ajiye ta ne a bayit ɗaya, bayit ɗaya kuwa ba ya ƙirga fiye da 255. Masu wasan ba su zaci wani zai kai nan ba, amma aka sami gwanayen da suka kai. A mataki na 256 ƙirgar takan kife, sashen da ke zana 'ya'yan itace a ƙasan allo ya ruɗe, ya watsa tarkacen haruffa da lambobi a rabin allon na dama, wasa ya ƙare ke nan ko an so ko ba a so. Saboda wannan ne mafi girman makin da ɗan Adam zai iya samu a Pac-Man ya tsaya a 3,333,360.

Ko kamannin Mario, wanda ya fara fitowa a wasan Donkey Kong na kamfanin Nintendo a 1981, daga wannan ƙunci suka fito. Shigeru Miyamoto yana da fili na ɗigo 16 sau 16 ne kawai ya zana mutum. Gashi zai buƙaci motsi in mutumin ya yi tsalle, sai ya sa masa hula. Baki ba zai fito a ɗigo biyu ko uku ba, sai ya sa masa gashin baki, wanda kuma ya fito da hanci. Hannuwa za su ɓace a jikin riga, sai ya ba shi kayan aiki masu launi daban da na hannun riga domin a ga lilonsu in yana gudu.

Zanen layi: hasken da hoto ba ya kamawa

A gefe guda kuma, wasu injiniyoyi sun ƙi bin kunya gaba ɗaya. Suka ce, tun da maganaɗisu na iya kai tsirkiya ko'ina, me zai hana a riƙe ta kamar alƙalami, a ja layi daga nan zuwa can kai tsaye? Wannan shi ne salon bekta, ko zanen layi. Larry Rosenthal ne ya kawo shi zauren wasa da Space Wars na kamfanin Cinematronics a 1977, sa'an nan Atari ya ɗauka a Lunar Lander da Asteroids, duka a 1979. Asteroids, wanda Lyle Rains da Ed Logg suka tsara, an sayar da akwatinsa sama da 70,000.

A wannan salo ba a ajiye ɗigo, sai dai jerin umarni: tafi wuri kaza, kunna, ja zuwa wuri kaza, kashe. Layukan sukan fito siri-siri, tsaf, babu tsani-tsanin nan da ake gani a gefen hoton tayil. Juya siffa ko ƙara mata girma ya zama lissafin kusurwoyi kawai, irin wanda ɗaliban aji biyar ke yi da sayin da kosayin. Shi ya sa a 1980 Ed Rotberg ya iya yin Battlezone, inda ɗan wasa ke leƙawa ta tabarau ya ga tankokin yaƙi masu zurfi da nisa, har rundunar sojan Amurka ta nemi a yi mata irinsa na horo. Tempest na 1981 da Star Wars na 1983 suka ƙara launi.

Wanda duk ya taɓa tsayawa gaban Asteroids na ainihi, abin da ya fi ambata shi ne harsashin. Domin a zana ɗigo, tsirkiya takan tsaya cak a wuri ɗaya na ɗan lokaci, fosfo ya sha wuta, ya yi ƙyalli mai kashe ido wanda ya fi na sauran allon ƙwarai, ya bar ɗan wutsiyar haske a bayansa. Allon waya ko na kwamfuta na yau da kullum yana da iyakar farin da ba ya wucewa, don haka a kansa harsashin nan farin ɗigo ne kawai. A wannan fanni, gani ya kori ji.

Salon yana da nasa aibi. Ba a iya cike siffa da launi. In layuka suka yi yawa, tsirkiya ba ta gama zagaye da wuri, hoto ya fara ƙyafƙyafta. Kwalaben ma, musamman masu launi, suna yawan lalacewa saboda wahalar da kayan karkata tsirkiya ke sha. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an daina yin sabbin wasanni da shi.

Daga ƙarya mai kyau zuwa zurfi na gaske

Masu bin kunya ba su zauna ba. A kamfanin Sega, Yu Suzuki da abokan aikinsa sun fitar da Hang-On da Space Harrier a 1985, sai Out Run a 1986, a kan na'urorin da ke iya ƙara wa masu yawo girma nan take. Itacen da ke nesa ƙaramin hoto ne. Yana matsowa ana hura shi, har ya wuce ta gefen mota. Titin kuwa layi-layi ake zana shi, a gusar da kowane layi kaɗan zuwa dama ko hagu, sai ido ya ga kwana da tudu. Babu zurfi na haƙiƙa a cikin lissafin, amma mai tuƙi yakan karkata jikinsa in ya zo kwana. Street Fighter II na Capcom a 1991 ya kai zanen ɗigo da hannu wani matsayi na ƙwarewa, Mortal Kombat na 1992 kuma ya ɗauki hoton mutane na gaske ya mayar da su masu yawo.

Daga nan alwatika ta karɓi ragama. Atari ya gwada gina siffofi cikakku da fuskoki masu kusurwa a I, Robot tun 1984, amma sai da Sega ya fitar da Virtua Racing a 1992 da Virtua Fighter a 1993 kasuwa ta juya. Abin da ya biyo baya ya zama ajalin zauren wasa. A watan Disamba na 1994 Sony ya fitar da PlayStation a Japan tare da Ridge Racer, wasan da shekara ɗaya kafin nan sai a zaure ake ganinsa. Tun da abin da ake fita nema ya shigo ɗaki, zauruka a Amurka da Turai suka riƙa rufewa. A Japan sun daɗe suna jurewa, amma a 2022 shi kansa Sega ya sayar da ragowar hannun jarinsa a harkar gudanar da zaurukan wasa.

Me ake bege?

Kalmar da Turawa ke kiran wannan hali da ita, nostaljiya, wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Basel mai suna Johannes Hofer ne ya ƙirƙire ta a 1688, domin ya siffanta ciwon kewar gida da ke kama mutanen Suwizalan, musamman sojoji, in sun yi nisa da ƙasarsu. A da cuta aka ɗauke ta. Masana halayyar ɗan Adam na yanzu sun gano cewa manya sun fi tuna abubuwan da suka faru gare su tsakanin shekara 10 zuwa 30 fiye da na kowane lokaci na rayuwa. Wanda yake ɗan shekara 12 a lokacin Pac-Man, ba mamaki amon wasan ya tsaya masa a rai tare da fuskokin abokan da suka yi cincirindo a bayansa suna kallo, da haruffa uku na sunansa da ya rubuta a jerin gwanaye. Wanda ya girma yana biyan kuɗi a gidan gem na unguwa domin ya buga ƙwallo da abokai ya san irin wannan daɗin, ko da na'urar ta bambanta.

Amma akwai sashen begen da ya shafi kimiyya zalla. Masu zanen wancan zamani kwalbar talabijin suke kallo yayin da suke aiki, da ita suka auna komai. A kan fosfo, ɗigo ba murabba'i ne mai kaifin gefe ba. Ɗan dunƙulen haske ne da ke narkewa cikin maƙwabcinsa, da siraran layuka masu duhu a tsakanin kunyoyi. Mai zane yakan jera ɗigo biyu masu launi daban bi da bi, ya san cewa kwalba da ido za su gauraya su su ba da launi na uku. In aka ɗora wannan hoto a allon zamani, sai ya fito da gefuna masu tsini, kamar an yi gini da bulo ba a yi yaɓe ba. Yawancin abin da matasan yau ke ɗauka shi ne kamannin wasannin da, ba haka masu su suka gan su ba. Har ila yau, kwalba takan nuna sigina a daidai lokacin da ya iso, alhali allon zamani yakan tara hoton tukuna kafin ya nuna, jinkirin da gwanaye ke ji a hannunsu. Bindigogin haske na wasanni da yawa ma ba sa aiki sam ba tare da kwalba ba, domin lokacin wucewar tsirkiya suke aunawa su gane inda aka auna.

Abin da ke ɓacewa da abin da ake ceto

Kwalaben nan an daina ƙera su. Sony ya rufe aikin shahararriyar kwalbarsa ta Trinitron a 2008, sauran masana'antu ma suka bi sahu. Waɗanda suka rage kuwa tsufa suke yi: bindigar ciki tana rauni, fosfo yana ƙonewa. A tsofaffin akwatunan Pac-Man da yawa, ko an kashe wuta ana ganin inuwar bangayen wasan a jikin gilashi, saboda shekarun da tsirkiya ta yi tana dukan wuri ɗaya. Allunan lantarkin ma suna mutuwa. A na'urar CPS-2 ta 1993, Capcom ya kulle manhajar da wani mabuɗin sirri da ke zaune a ma'adana mai dogaro da batir, don hana masu satar fasaha. Ran da batir ya ƙare, mabuɗi ya goge, wasa ya mutu. Sai a 2007 masu bincike suka warware wannan kulli.

Babban aikin ceto ya faro ne a 1997, lokacin da wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar da manhajar MAME, wadda ke sa kwamfutar zamani ta kwaikwayi kowace ƙwaya ta tsohon akwati, ta yadda manhajar asali za ta gudana kamar tana gidanta. Masu sa kai daga ƙasashe da dama sun shigar da dubban wasanni a cikinta. Gidajen tarihi su ma sun farga: a 2012 gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke birnin New York ya shigar da Pac-Man cikin kayansa, a 2015 kuma gidan tarihin wasa na Strong da ke Rochester ya sa Pong da Pac-Man a rukunin farko na wasannin da ya karrama. Duk da haka, wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Kuma ko an ceci manhaja, hasken kwalbar sai dai a kwatanta shi.

Aiki ga ɗalibi da malami

Ɗalibin da ke son ya ɗanɗana aikin mutanen nan ba ya buƙatar kwamfuta. Ya samo takardar giraf, ya kewaye murabba'i mai gida 8 sau 8. A saman ginshiƙan, daga hagu zuwa dama, ya rubuta 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Sa'an nan ya zana abin da yake so ta hanyar cike wasu gidaje, ko tsuntsu ko mota ko fuska. A kowane layi ya tara lambobin gidajen da ya cike. Gida biyu na tsakiya za su ba da 24, huɗu na tsakiya 60, shida 126, duka takwas kuwa 255. Lambobi takwas ɗin da ya samu su ne hotonsa, bayit takwas cif. Ya karanta wa abokinsa su, ya ga ko zai iya fitar da hoton ba tare da ya gani ba. Malamin lissafi zai tarar da cewa babu hanyar koyar da ƙirgar gida biyu da ta fi wannan shiga kan yara. Gargaɗi ɗaya dai: kada ɗalibi ya kuskura ya buɗe bayan tsohon talabijin don ganin kwalba, domin tana aiki ne da wuta mai ƙarfin dubban bolt, kuma takan riƙe ta ko bayan an cire waya daga soket.

Daga nan sai a yi wannan lissafi na ƙarshe a kan allo. Hoto ɗaya na allon zamani mai ɗigo 1,920 sau 1,080, in kowane ɗigo ya ci bayit 3, yana buƙatar bayit 6,220,800 kafin a matse shi. Manhajar Pac-Man da zanukansa gaba ɗaya kuwa kimanin bayit 24,000 ne. Wato wasan da ya zaga duniya zai shiga cikin hoto ɗaya tak fiye da sau 250. A tambayi aji: da bayit 24,000 ne kawai a hannunku, me za ku zana, me kuma za ku bari?